An Gyara Zuciyar, Saura Garkuwar Jiki

Duk wanda ya ji za a yi min aikin zuciya, wuƙar yake jin tsoro. Abin da ya hana Hajiyarmu barci shi ne za a tsaga ƙirjin 'yarta, a tsayar da zuciya, inji ya karɓi aikinta. Ni ma a nan hankalina yake. Amma tun zaman farko da muka yi da likitan tiyata na lura shi maganarsa ta fi karkata ga abin da zai biyo bayan aikin. Ya ce yanka da ɗinki sun saba da su. Abin da ya fi mayar musu da marasa lafiya gadon asibiti, wani lokaci har a rasa rai, shi ne ƙwayar cuta ta samu jiki a daidai lokacin da garkuwarsa ta yi ƙasa. Ban taɓa jin an yi wannan magana a gidajenmu ba, kuma ita ce ta kusa haɗa ni da dangina.

Ciwona daga ciwon maƙogwaro na yarinta ya samo asali, irin wanda ake shafa wa man zafi a ce zai wuce. Akwai wata bakteriya, sitireb, da ke kawo shi. Idan ba a kashe ta da penisilin ba, a jikin wasu yaran garkuwar jiki kan rikice wajen yaƙar ta, ta koma tana cin ƙyauren zuciya, wanda likitoci ke ce wa bawul. A hankali yake lalacewa, shekara da shekaru, mutum bai sani ba. Nawa lokacin da nake ɗauke da cikin autana ya bayyana: haki, kumburin ƙafa, ba na iya kwanciya sai da filo uku. Hoton zuciya da ake kira eko ya nuna bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan zuciya biyu na hagu ya tsuke ya yi tauri. Wannan ciwo yana kashe mutum wajen 300,000 duk shekara a duniya, kuma kusan dukkansu a ƙasashe irin namu suke.

Da farko Sudan muka nufa da niyya. Akwai cibiyar Salam da ke Soba a gefen Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, tana yin aikin zuciya kyauta, mutanenmu da yawa sun je sun dawo. Muna cikin haɗa takardu yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, hanya ta toshe. Dole muka nemi a yi aikin a nan gida. An fara aikin buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau wuraren da ake yin sa a kai a kai ba su da yawa, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Dangi suka yi karo-karo, maigidana ya sayar da filinsa, aka sa mana rana a wani asibiti a Abuja, ƙarshen shekarar 2023.

Shirin da aka yi min kafin aikin, kusan duk na tsare jiki daga ƙwayar cuta ne. Wajen likitan haƙori aka fara tura ni, aka cire min wani turmi da ya daɗe da rami, domin bakteriyar baki kan bi jini ta je ta maƙale a sabon bawul. Aka sa auduga aka goge cikin hancina aka kai awo. Nas ɗin ta ce kusan mutum 1 cikin 3 yana yawo da wata bakteriya mai suna sitaf a hancinsa ba ta yi masa komai, amma ita ce kan gaba wajen ruɓar da ciwon tiyata. An same ta a nawa, aka ba ni wani man shafawa na cikin hanci. Daren aiki da asubarsa na yi wanka da wani sabulun ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, tun daga wuya har ƙafa, kuma aka hana ni sa reza ko'ina, saboda 'yar tsagar da reza ke bari ma hanya ce. Ƙannena maza suka ba da jini aka ajiye. Allurar kashe bakteriya kuwa a ɗakin tiyata ake yin ta, cikin awa ɗaya kafin wuƙa ta taɓa fata.

Likitar da ke sa barci ce ta zauna a bakin gadona ta yi min bayanin dalilin wannan tsanani. Ta ce injin da zai riƙe ni, wani likita ne John Gibbon ya fara cin nasarar aiki da shi a Filadelfiya ta Amurka a 1953, kuma har yau ba a rabu da matsalarsa guda ba. Jinin mutum gaba ɗaya zai fita daga jijiyoyinsa ya riƙa bin bututun roba, ya shiga injin ya sha iska, ya dawo, awa ɗaya ko biyu ko fiye. Jini bai san roba ba. Da ya taɓa ta, sai fararen ƙwayoyin jini su ɗauka an kawo hari, su tashi gaba ɗaya, su saki sinadaran da ke kawo kumburi da zazzaɓi a ko'ina cikin jiki. Don kada wannan tashin ya halaka mutum, jiki da kansa yake danne shi, kuma dannewar kan wuce gona da iri. Ga sanyaya jiki da ake yi lokacin aiki, ga ruwan da ake tsinka jini da shi, ga ƙarin jinin wani, ga sinadarin firgici da jiki ke zubawa saboda girman rauni, kowanne yana ƙara rage ƙarfin garkuwa. Ta ce in ɗauka 'yan sintirin unguwa ne aka tayar da tsakar dare da ihun ɓarawo, suka kwana suna gudu ba su ga kowa ba, gari na wayewa suka zube don gajiya, sannan ɓarawon gaske ya shigo.

Na farfaɗo a sashen kulawa ta musamman da bututu a maƙogwaro, wani a wuya, wani a hannu, biyu a ƙasan ƙirji suna tsiyayar da ruwa da jini, ga robar fitsari. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda suke gaggawar raba ni da su. Duk zagayen safe sai babban likita ya tsaya ya tambaya wanne za a iya cirewa yau, domin kowane bututu da ya ƙara kwana a jiki ƙarin hanya ce ga bakteriya. Na maƙogwaro aka fara zarewa, robar fitsari ta biyo baya.

Sai ga shi ana ɗura min insolin, ni da ban taɓa ciwon suga ba. Maigidana ya tsorata. Aka ce masa suga kan hau bayan babban aiki ko ga mai lafiya, kuma idan ya yi yawa fararen ƙwayoyin jini ba sa iya cinye bakteriya yadda ya kamata, shi ya sa ake ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da 180. Maigidan nawa ne kuma ya riƙa bin takardun awon jinina yana tambaya, har aka nuna masa layin wasu fararen ƙwayoyi da ake kira limfosayit, waɗanda ke gane cuta su tuna ta. Sun faɗi ƙasa sosai washegarin aiki, sai daga baya suka fara hawowa kaɗan-kaɗan. Ni ban buƙaci takarda ba, a bakina na gani. Ƙuraje masu ruwa suka feso min a leɓe, irin na bayan zazzaɓi, harshena ya yi fari fat kamar an shafa masa nono, abinci ya daina ɗanɗano. Likita ya ce ƙwayar ƙurajen tun yarinta take kwance a jikina, yanzu ta samu sarari. Farin harshen kuma wani naman gwari ne da ya yaɗu saboda magungunan sun kashe bakteriyar da ke tsare baki.

Abin da ya fi wuya a asibitin tari ne. Ƙashin ƙirji an raba shi biyu da zarto, an ɗaure da wayar ƙarfe, sannan a ce ki yi tari da ƙarfi. Nas ɗin da ke kula da ni, wata 'yar Jos mai Hausa rangaɗau, ta naɗe min tawul ta ce in rungume a ƙirji in matse kafin in yi. Ta kawo wata 'yar roba mai ƙwallaye uku da bututun zuƙa, ta ce duk awa in ja numfashi har su tashi. Ranar farko ko ɗaya ban iya ɗagawa sosai ba, sai rawa take yi a ƙasa, gumi yana keto min. Na ce, "Sista, ki bar ni in huta, don Allah." Ta ce, "Hajiya, kakin da kika bari a ƙasan huhu shi ne abincin nimoniya, kuma yau jikinki ba shi da mai tare ta. Ja mu gani." Na ja. Kafin in ankara sun sauke ni daga gado sun sa ni takawa a baranda, ina tura sandar ƙarin ruwa. A lokacin na ga kamar rashin tausayi ne, amma ban yi nimoniya ba, kuma ita ce cutar da ta fi kama waɗanda aka yi wa irin aikina.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu ni da maigidana. Ya ce fararen ƙwayoyin jini galibi sukan dawo daidai cikin mako ɗaya ko biyu, amma kada mu ɗauka shi ke nan. Jinina ya yi ƙasa, na rame, huhu bai gama buɗewa ba, ƙashin ƙirji yana buƙatar makonni 6 zuwa 8 kafin ya kama, zoben da aka ɗinke sabon bawul da shi kuma sai ya yi watanni kafin naman jiki ya rufe shi. Ya ce mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ciwon ƙirjinsu kan ruɓe har can ciki wajen ƙashi, kuma wanda hakan ta same shi sai an sake buɗe shi. Sharuɗɗansa: ban da goyo, ban da daka, ban da ɗaukar bokiti. A auna zafin jiki safe da yamma. A rage baƙi, mai mura ko tari kada ya shigo ɗakin, wanda zai shigo ya wanke hannu da sabulu. Na ƙarshen ya maimaita shi sau biyu: idan zafin jiki ya kai digiri 38, kada in sha komai daga kyamis, in tafi asibiti a ɗebi jini tukuna.

Muka dawo Kano cikin hunturu, ƙura ta rufe gari, kowane gida da mai mura. A shekarar ce kuma mashaƙo ya addabi Kano, yara da yawa suka rasu. Tun kafin a sauke kayanmu daga mota tsakar gida ta cika.

Ina so a fahimce ni, domin wannan wurin ne ya fi min nauyi. Mutanen da suka cika gidan su ne suka haɗa kuɗin aikin. Akwai wadda ta sayar da 'yan kunnenta. Akwai waɗanda suka yi ta saukar Alƙur'ani ranar da aka shiga da ni. Sun taso daga Gaya da Wudil da Zariya da kwanukan abinci, su ga da idonsu cewa ina raye. Dubiya haƙƙi ce a addini, a al'ada kuma wanda bai zo ba an riƙe shi ke nan har abada. Yanzu a ce wa waɗannan su tsaya a bakin ƙofa, su wanke hannu, kada su rungume ni, kada su miƙo min jariri, mai tari ya koma. Maigidana ya ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki, ya sa ƙanwata ta tsaya a wurin. Wasu suka wanke ba su ce komai ba, wasu fuskarsu ta canza.

Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta iso da yamma da jikarta a hannu, yarinyar tana ta jan majina. Ƙanwata ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, likita ya ce mai mura ya dakata daga waje." Ina jin su daga kan gado. Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Ke 'yar nan, ni za a tsayar a ƙofa? Ni da na yi miki wankan jego? Cuta ai ta Allah ce, in ya rubuto miki ko a kwalba kika shiga sai ta same ki." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wallahi ba ƙyama ba ce." Muryata ba ta fita sosai, ban san ko ta ji ba. Ta ajiye kwanon farfesun da ta kawo ta juya. Na yi kuka a daren, kuma kuka ma da tawul a ƙirji ake yin sa.

Kawunmu ne ya kashe wutar. Malami ne, ana jin maganarsa. Ya tara manyan gidan ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi umarni da duba mara lafiya, shi ne kuma ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya. Ya ce ladan dubiya ba a rungumar yake ba, addu'a daga bakin ƙofa ma ta isar. Daga nan aka samu tsari: Hajiyarmu ke karɓar baƙi a falo, a ɗaga labulen ɗakina su ce "ya jiki", in ce "da sauƙi", su yi addu'a su koma. Shi da kansa ya je gidan Gwaggo. Bayan kwana biyu ta dawo ita kaɗai, ta wanke hannu har gwiwar hannu ba wanda ya ce ta yi, ta zauna a kujera nesa da gado.

Turaren wuta ma sai da aka daina sa shi a sashena, domin hayaƙinsa na shiga sai tari ya turnuƙe ni. Sai kuma magungunan ƙara ƙarfin jiki. Da labari ya bazu cewa garkuwata ta yi ƙasa, kowa ya zo da nasa: garin zogale, man habbatus sauda, tafarnuwa da zuma, jiƙe-jiƙe a gora. Bawul ɗin ƙarfe aka sa min, saboda haka ina shan wafarin mai tsinka jini har ƙarshen rayuwa, kuma dole awonsa ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ganye mai yawa yana rage masa ƙarfi jini ya daskare a kan bawul, tafarnuwa mai yawa tana iya ƙara zubar jini, jiƙo kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki. Muka riƙa karɓa muna godiya muna ajiyewa. Abin da likita ya ce zai gina jiki ba baƙo ba ne: ƙwai, kifi, wake, nama, madara, barci, da ɗan tattaki kullum a tsakar gida bayan ƙura ta lafa.

Duk da haka zazzaɓin ya zo. Wata yamma na ji sanyi yana ratsa ni, aka auna, ya haura 38. Nan take gida ya yanke hukunci: maleriya ce, wasu suka ce taifot, har an aiki yaro kyamis ya sayo maganin maleriya da Flagyl. Maigidana ya ce ba za a sha ba. Hajiyarmu ta ce, "Malam, zazzaɓi ne fa kawai, a daren nan za ka fita da ita cikin sanyin nan?" Ya ce, "Hajiya, ki yi min afuwa, haka likita ya ce." Da ya haska fitilar waya a kan ɗinkin, can ƙasa inda ƙirji ya haɗu da ciki, wurin ya yi ja ya ɗan tasa, wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa, ya ɓata rigar.

A asibiti an ɗebi jini daga hannu biyu aka zuba a kwalabe don a shuka a ga ko wata ƙwaya za ta tsiro, aka goge mugunyar aka kai awo, sannan aka fara allura. Likitan ya yi mana bayanin abin da ya sa ake bin wannan jeri. Ko ƙwaya ɗaya ta maganin bakteriya mutum ya sha kafin a ɗebi jinin, tana iya hana cutar tsirowa a kwalba ba tare da ta kashe ta a jiki ba, sai a rasa sanin da wa ake faɗa. Flagyl da Septrin kuma suna ninka ƙarfin wafarin, mutum ya kama zubar jini. Ya dafa ƙirjina da hannu biyu ya ce in yi tari, yana jin ko ƙashin yana motsi. Bai motsa ba. Awon maleriya bai nuna komai ba. Mugunyar ta nuna sitaf, jinin kuwa ya fito fes, eko ya nuna bawul ɗin ba abin da ya maƙale masa. Cutar a fata ta tsaya, ba ta kai ƙashi ba. Aka warware ɗinki kaɗan daga ƙasa don ruwan ya fita, ana wanke wurin kullum ana cusa masa bandeji, har ya ciko daga ciki. Tabon wurin ya fi sauran faɗi.

Da ƙashi ya kama, jini ya dawo, aka ɗaga takunkumin a hankali. Na fara fitowa falo, na goya autana, na je sunan 'yar ƙanwata. Jikina yanzu yana yaƙar mura kamar na kowa. Amma bawul ɗin ƙarfe ba shi da jijiyar jini, fararen ƙwayoyin jini ba sa iya kare shi yadda suke kare naman jiki, saboda haka wasu dokokin ba su da ranar ƙarewa. Ina karɓar allurar penisilin mai daɗewa a jiki duk wata don kada sitireb ya sake tayar da tsohon ciwon. Kafin a taɓa min haƙori ina shan maganin bakteriya awa ɗaya kafin aikin. Yarana kuwa, wanda duk ya ce maƙogwaronsa na ciwo da zazzaɓi, asibiti muke nufa a ranar. Zazzaɓin da na yi da daminar da ta wuce maleriya ce, awo ya tabbatar, amma sai da aka ɗebi jinin shuka daga hannu biyu kafin aka ba ni maganinta.